Ƙofar da Ta Kulle Mai Girma

Zuwa ga 'yata Mai Zane,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Mu nan kalau muke, sai gwiwar Innarki da take ƙara idan hadari ya haɗu, da kunnena na hagu wanda injin yankan ƙarfe ya gama da shi tuntuni. Don haka ki daina wahalar da kanki kina kirana. Wayar tana cikin durowa a kashe, ni da ita sai ranar da na ga dama. Mutum in da gaske yake, ya zauna ya rubuta.

Na yi mamakin ganin takardarki. Rabona da ke tun kina zana kaji da gawayi a bangon shagona ina korarki. Da na karanta wa Innarki sai ta ce wace ce kuma wannan? Na warware mata cewa kakarki ta wajen uwa da mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne. Ta ce wannan zumuncin ai sai an kafa masa tsani. Na ce ko da igiya za a hau, yarinya ta ce mini Kawu, magana ta ƙare.

Maganar Malam Burushi, malaminku na zane, duk abin da kika ji gaskiya ne. Rumfunan matan nan na bakin tasha aka zo da katafila da sassafe aka rushe, ba sanarwa, da kayansu a ciki. Waɗanda suka tsaya tambaya suka sha kulki. Aka ja katanga a wurin. Malam ya ɗauko fentinsa da rana tsaka ya zana fuskokin matan a jikin katangar, ɗaya bayan ɗaya. Mai sayar da zare har da haƙorin da aka karya mata. Na tsaya na kalla, wallahi kamar ta buɗe baki ta yi mini ciniki. Hukuma ta turo aka shafe da farin fenti, irin na 'yan kwangila, rabinsa ruwa. Ruwan sama ɗaya fuskokin suka sake leƙowa. Sai aka bar katangar aka ɗauke Malam. Watanni ke nan, ba kotu ba alƙali. Lauya ya je an ce masa babu mai wannan suna a wurinsu, alhali matarsa kullum tana kai masa abinci.

Ni tun farko na gaya masa: Malam, ka zana fure, ka zana tsuntsu, fuskar mutum rigima ce. Dariya kawai ya yi.

Na raka matarsa sau ɗaya. 'Yata, abin da na gani ya tayar mini da hankali. Ƙofar! Ina ɗora ido na gane hannun Gwangwani ne, wannan da ya buɗe shago a bayan layinmu yake kiran kansa mai walda. Ƙarfe kamar murfin tukunya, ɗinkin waldar kamar kaza ta bi ta kai, duk tsatsa. Ga wani ɗan rami can ƙasa inda ake miƙa kwano, sai mutum ya durƙusa kafin ya ga idon na ciki. A ce babban mutum kamar Malam a bayan wannan aikin banza aka ajiye shi! Ya rame ƙwarai, amma ta ramin nan ya gaishe ni, har ya tambaye ni ko allon shagona da ya rubuta bai koɗe ba.

Kin ce ke da abokanki za ku yi nuni don a matsa a kai shi kotu, kuma kina son in ƙera miki ƙofa irin tasa. Ban gane yadda ƙofa za ta fitar da mutum ba, aikinta ai tsarewa ne. Amma ni a aji uku na sakandare na tsaya, sauran karatuna a bakin wuta na yi shi. Da injin aro na fara a ƙarƙashin rumfar kwano, yau ki bi unguwar masu hali ki ƙirga ƙofofin da ba nawa ba, ba za ki gaji ba. Za a yi miki ƙofa. Ki aiko da bayani.

Naki,
Kawunki Mai Walda

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ina lafiya, sai ciwon baya na masu tsayuwa a kan tsani. A gaishe mini da Inna, a ce mata na fara hawowa.

Kawu, ga yadda abin yake. Mun sami aron wani tsohon sito. A cikinsa akwai ɗan ɗaki na kankare, ba taga, girmansa kusan ɗaya da wanda Malam yake ciki. A bakinsa za mu sa ƙofarka. A bangon siton kuma mun sake zana fuskokin matan da aka shafe, kowace ta fi tsayin mutum. Duk wanda ya zo kallo zai bi ta gabansu, ya shiga ɗakin shi kaɗai, a turo masa ƙofa na ɗan lokaci, sannan ya fito. Ba za mu yi wa kowa wa'azi ba. Mutane sun gaji da jin an ce ana tsare bayin Allah ba shari'a, kunnensu ya saba. Fatarsu ce ba ta saba ba. Za mu gayyaci lauyoyi da 'yan jarida, da babban jami'in da ke kula da wuraren tsaro, wanda ofishinsa ne yake cewa ba su san Malam ba.

Yanzu ga roƙona, kuma na durƙusa. Ka yi ta da muni. Yadda ka gan ta haka nake so: tsatsa, lanƙwasa, ɗinkin kaza, ramin nan a ƙasa. Kada ka gyara komai. Kada ka sa fenti. Makulli kuma ba ma buƙatar na gaske, turowa kawai za a riƙa yi. Na san abin da nake nema ya fi ƙarfin zuciyarka, amma ka rufe ido ka zama Gwangwani na mako ɗaya saboda Malam.

Shi ne ya fara ba ni burushi a hannu lokacin da kowa yake cewa ɓata littafi nake yi. Matarsa ta rubuto mini cewa tari ya kama shi. Ba mu da lokaci mai yawa, a ƙarshen wata za mu buɗe nunin.

'Yarka,
Mai Zane

*

Zuwa ga 'yata Mai Zane,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Gwiwar Innarki ta yi sauƙi, yanzu bakinta ne ya tashi, kuma a kaina.

Ƙofa ta kama hanya jiya a babbar mota. Wannan takardar ta gidan waya na aiko ta daban, don ni ba na haɗa ƙofa da bayaninta a hannun direba. Ba a taɓa yi ba a shagona.

Na karanta roƙonki har na haddace shi. Na kuma gwada, Allah ya gani. Na sayo ƙarfe irin na Gwangwani, na shimfiɗa shi, na kunna inji. Ma'aikatana suka tsaya suna kallona kamar na fito ba wando. Babbansu, wanda muka tsufa tare, ya ce, “Maigida, lafiya? Ko ciwon ya taɓa kan ne?” Na yi ɗinki ɗaya a karkace da gangan, hannuna ya ƙi, ya koma ya miƙe da kansa. Ki gane, motar nan za ta bi ta gaban shaguna, mutane za su ce daga ina wannan abin kunyar ya fito, a nuna ƙofata.

Saboda haka na ɗan yi gyare-gyare kaɗan, ba masu yawa ba. Ƙarfen na sa mai kauri, irin wanda nake yi wa masu ajiyar gwal, ninki biyu da rodi a tsakani. Sai da ƙarti suka taru kafin ta hau mota. Na shafa mata koren fenti mai sheƙi, hannu uku. Saman ya yi mini fili da yawa, na murɗa ɗan fure na ƙarfe na liƙa, ƙarami ne. Na buga farantin sunan shagona a gefe. Ramin na so in ɗago shi daidai fuska don mutunci, Innarki ta tsaya a kaina ta ce in na taɓa ramin nan in nemi inda zan ci abinci. Ta ce matar Malam gwiwoyinta sun yi kanta a bakin ramin nan, a bar mutane su gani. Na bar shi a ƙasa.

Sai maganar makulli. Kin ce ba a buƙata. 'Yata, ƙofar da ba ta kullewa labule ce, ni kuwa ba tela ba ne. Na sa mata irin wanda nake haɗawa da hannuna, wanda da an turo ƙofa yake faɗawa da kansa, ƙas, ba ya buɗuwa ta ciki ko ta waje sai da mabuɗi. Mabuɗin yana aljihuna. Ka'idata ce, hannu da hannu nake miƙa shi ga mai ƙofa bayan na ga yadda aka kafa ta, ba na ba direba, ba na sa shi a ambulan. Zan zo da kaina ana gobe buɗewa, a ƙarshen wata kamar yadda aka ce, har na kai riga ɗinki.

Ki kula da wannan da kyau. Na ɗaure harshen makullin da 'yar waya don kada ya faɗa. Ku kafa ƙofar, ku buɗe ku rufe yadda kuke so, amma kada kowa ya taɓa wayar nan sai na iso.

Na aika wa Malam maganin tari ta hannun matarsa.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, tafin hannuna ne babu sauran fata.

Ƙofa ta iso, ba takarda ba bayani. Direban ya ce ka ce masa kada ya kuskura ya kalle ta da yawa. Da muka kwance buhunan da aka naɗe ta da su, sai ɗaya daga abokan aikina ta ce, “Kawun naki ya ɗauka aurar da ke za mu yi?” Kawu, fure! A ƙofar ɗakin tsaro! Na zauna a ƙasa na rasa kuka zan yi ko dariya, sai na yi duka biyun.

Ka yi haƙuri da abin da zan gaya maka, ka zauna kafin ka karanta. Mun kankare fentin kakaf. Mun fizge furen, yana nan na ajiye maka. Mun cire farantin sunanka, don ba na son a zo a ɗauke ka kai ma. Kullum safe da yamma muna yi mata wanka da ruwan gishiri, tsatsa ta fara fitowa kyakkyawa. Mun sa guduma don mu lanƙwasa ta, gudumar ce ta lanƙwashe. Magini ya kafa ta da ƙyar, yana ta tambayar wane ne yake gaba da mu haka.

Labari mai daɗi: babban jami'in ya amsa zai zo, wai don ya nuna wa duniya ba su da abin ɓoyewa. Amma ya ce sai dai wannan makon, don zai yi tafiya. Mun dawo da buɗewar jibi da safe. Na kira ka ban san iyaka ba, wayarka a kashe. Matar Malam tana hanya, lauya zai ɗauko ta a tasha.

Af, ka manta wata 'yar waya a jikin makullin, sabuwa fil sai ƙyalli take yi, ita kaɗai ce ta rage tana ɓata mana tsatsa. Mai hotonmu ya ce zai cire ta da filaya da safen, kafin baƙi su shigo.

'Yarka

*

'Yata,

Ba ni da natsuwar doguwar gaisuwa, kina lafiya?

Takardarki yau ta zo, jibin da kike faɗa ya wuce. Na tabbata tawa tana can gidan waya tana hutawa. Ina tsaye da ita a hannu sai Innarki ta fito da rediyo tana dariya har da riƙe ciki, wai an kulle wani babban mutum a wurin nunin zane. Ta ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Na kunna waya na kira ki, a kashe. Na sake, a kashe. Yau na ji abin da nake yi wa mutane.

Ki rubuto maza. Suna tsare da ke? In haka ne ki ce musu ni na yi makullin, ga ni ga shagona, ba na gudu. Mutumin ya fito? Kuma da me suka taɓa ƙofar, ta ina?

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa, kuma ina lafiya, a gida nake. Ka gafarce ni da shirun da na yi, na san kun shiga damuwa. Sun riƙe wayata ne, kuma sai yanzu na sami zama. Takardarka mai maganar 'yar waya ta iso washegarin abin. Na karanta wa abokaina a tsaye, mai hotonmu ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Ga yadda aka yi. Babban jami'in, wato Mai Girma, ya iso da rakiya, da turare, da takalmi mai ƙyalli. Ya bi ta gaban fuskokin matan bai ɗaga kai ba. Ya tsaya a bakin ƙofarka ya yi jawabi, ya ce masu zane mutane ne masu yawan tunani, amma wuraren tsaronsu ko shi zai iya kwana a ciki ya tashi da ƙiba. Wani ɗan jarida ya ce, “To ranka ya daɗe, a ɗan shiga mana mu ɗauka.” Ya shiga yana murmushi yana ɗaga hannu. Mai riƙe masa jaka ya turo ƙofar da ƙarfinsa don hoto ya yi kyau.

Ƙas.

Kawu, ban taɓa jin ƙara mai tsabta irin wannan ba. Aka yi tafi. Aka jira. Aka ja ƙofa. Aka sake ja, mutum uku. Daga ciki muka ji ƙwanƙwasa ta mutunci, sannan ta rashin mutunci. Mai jaka ya juyo ya ce mini, “Ke, mabuɗi!” Na ce ai ba ta da makulli na gaske. Ya ce, “To wannan na wasa ne ya riƙe Oga?”

Aka kira masu buɗe makulli, suka leƙa suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Aka kira masu walda da injin yanka. Faifan injin ya cinye, aka sa wani, ya cinye. Ƙarfen ya ɗauki zafi, Mai Girma ya yi ihu a daina, ana gasa shi. Rana ta take, rufin siton kwano ne. Duk wanda yake son magana da shi sai ya kwanta rub da ciki a bakin ramin nan, shi ma daga ciki haka. Na ga manyan mutane da manyan riguna a shimfiɗe a ƙasa suna “Ranka ya daɗe, a ƙara haƙuri.” 'Yan jarida kuwa suka jera makirufo a bakin ramin kamar masu shanya.

Matar Malam tana gefe a zaune tun safe, ba wanda ya kula ta. Da ta ji numfashinsa ya fara sama-sama sai ta tashi, ta naɗe zaninta, ta durƙusa yadda ta saba. Ta miƙa masa ruwa a kwano ta ce, “Sannu bawan Allah. Cire rigar, ka sa kuncinka a siminti, ka daina magana. Zai wuce.” Ya sha. Can ya ce, “Baiwar Allah, ke ma'aikaciyar jinya ce?” Ta ce a'a, mijinta ne yake cikin irin wannan tun kafin damina. Ya ce wane ne mijin nata? Ta faɗi sunan Malam, ta ce, “Amma kada ka damu, ofishinku sun ce babu shi.”

Sai muka ga hannu ya fito ta ramin, Mai Girma ya ce a ba shi wayarsa. A kwance a ƙasa, da singileti, ya kira wani ya wanke shi tas, ya ce a nemo takardun mutumin nan a kai shi gaban alƙali, in babu takardu a faɗa masa wanda ya ci su. Ya manta da makirufo. Duk ƙasa ta ji.

Sai da la'asar maginin ya ce tunda ƙofa ta gagara a bi ta bango. Suka fasa kankaren ta baya, Mai Girma ya fito da rarrafe, fari fat da ƙura. Ƙofarka tana nan tsaye, ɗan tabo ne kawai a gefe.

Sun tafi da ni sun yi ta tambayoyi har magariba. Ina tsammanin tawa ta ƙare, sai ga umarni a sake ni. Ashe Mai Girma ya yi wanka ya fito ya gaya wa 'yan jarida cewa da gangan ya zauna, shi ya ce kada a buɗe, don ya ɗanɗana abin da talaka yake ji. Mu kuwa muka ce ƙwarai, haka aka yi, mu shaida ne. Lauya ya buga masa takardar yabo a jarida, ya jera alkawuran da Mai Girma ya yi ta rami ɗaya bayan ɗaya, yadda ba zai iya janyewa ba.

Yanzu layi har titi. Sai da magini ya kwana biyu yana sassaƙe bangon gefen makullin kafin ƙofar ta buɗu, ya gyara wurin, muka sake ɗaure harshen makullin, na sa mutum yana gadinsa. Mutane suna shiga da dariya su fito ba dariya. Iyalai suna zuwa da hotunan nasu da ke tsare, lauyoyi suna rubuta sunaye. An sa ranar Malam a kotun garinku mako mai zuwa, ana neman wanda zai tsaya masa, mai shago ko gida, sananne. Na ce ina da Kawu.

'Yarka

*

Zuwa ga 'yata Mai Zane,

Gaisuwa da sa albarka. Muna lafiya. Innarki ta warke sarai, don gida-gida take bi tana ba da labari, kuma a bakinta ita ta ce a bar ramin a ƙasa, wanda gaskiya ne, ita ta ƙera makullin, wanda ba gaskiya ba ne.

Kafin komai, ruwan gishiri. Na karanta wurin nan na ajiye takardar na zagaya shago. Ban ce na yafe ba, na dai ɗage maganar. Amma da na zo inda faifai ya cinye, na tara ma'aikatana na karanta musu da ƙarfi, har na maimaita. Babbansu ya share ido.

Na je kotu da sabuwar rigar, tunda ba ta sami zuwa wurinku ba. Matan tasha sun cika benci, mai zare a gaba. Aka shigo da Malam, wandonsa ɗaure da igiya don ya yi masa yawa. Alƙali ya tambayi laifinsa, mai gabatar da ƙara ya yi ta juya takardu kamar mai neman allura. Daga ƙarshe ya ce ɓata katanga. Alƙali ya cire tabarau ya ce, “Katangar ta kawo ƙara?” Aka ce wa zai tsaya masa. Na miƙe na faɗi sunana da na shagona da layin da yake, yadda na baya za su ji. Ban gama ba alƙali ya ce ya isa, ya sallami ƙarar gaba ɗaya. Na ɗan ji haushi, don na shirya jawabi.

Bayan kwana biyu wasu mutum biyu suka zo shago da baƙin gilashi. Na ce wa Innarki ta haɗa mini bargo. Ashe aiki suka kawo, wai an ga ingancin ƙofata, ana son irinta a wuraren tsaro, da yawa. Ban taɓa mayar da aiki ba tunda na kama sana'a. Na ce musu hannuna ya cika, na kwatanta musu shagon Gwangwani, na yabe shi sosai.

'Yata, zan faɗi wata magana, ki riƙe. Da ina ɗaukar aikinku wasan yara ne da manya suka ƙi bari. Ni in na ga abin da bai dace ba, sai in ce Allah ya kyauta in koma bakin injina. Malam ya gani ya ɗauko burushi, ya san abin da zai biyo baya. Ke kin tara waɗanda suka fi ƙarfinki a ɗaki ɗaya ba ki da ko sanda. Na yi aiki da ƙarfe duk rayuwata, na san abu mai tauri in na gan shi. Na sa an share bangon shagona na gefen titi. In kin zo, ku zana abin da kuka ga dama, ko fuskar wa ce.

Jiya matar Malam ta aiko a kira ni, ta ce in zo da kayan aiki. Na ɗauka ƙarin sakata suke so, kowa ya fito daga irin wannan wuri ai tsoro yake ji. Na ɗebi masu kyau guda biyu na tafi. Na sami Malam a tsakar gida a kan tabarma, tarin ya yi sauƙi. Matar ta ja ni gefe ta ce tunda ya dawo bai runtsa a ɗaki ba. Ko iska ce ta motsa ƙofar sai ya zabura ya fito.

Malam ya ce, “Mai Walda, wata alfarma nake nema. Ƙofar ɗakin nan.”

Na ce, “A ƙara mata ƙarfi?”

Ya ce, “A cire ta.”

Ni na kafa ƙofar nan da hannuna shekarun baya, ko ƙara ba ta yi. Na buɗe baki in yi masa bayanin sauro da ɓarayi, sai na dubi idonsa na fasa. Na mayar da sakatun cikin jaka. Na kwance ƙofar a hankali, na ɗauke ta a kafaɗa na fitar da ita waje. Matarsa ta kawo labule za ta rataya, ya ce shi ma a bari tukuna.

Ya shiga ya zauna a bakin gado yana kallon tsakar gida, kaji suna wucewa. Muna cikin hira da matar a waje ina haɗa kayana, sai ta ɗaga mini hannu. Da wannan kunnen nawa guda ɗaya na ji shi, minshari yake yi, da rana tsaka.

Na ɗauki takalmana a hannu na fita.

Naki har kullum,
Kawunki Mai Walda